Mutum 270 sun ce za su saya, roba 46 aka sayar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Kano, ina yin kunun aya ina ɗurawa a robobi. Da na so faɗaɗa sana'ar sai 'yata da ke jami'a ta ce kada in zuba kuɗi da ka, mu fara yin bincike. Muka sa tambaya a WhatsApp da Facebook: "Idan muka kawo muku kunun aya mai tsafta da garɗi a kan naira 500, za ku saya?" Mutum 312 suka amsa, 270 suka ce e. Na kwashi adashena na yi roba 300. Cikin kwana biyu 46 kaɗai aka sayar, sauran suka yi tsami, ga ba wuta. Shin ƙididdigar nan da ake ta yabo ƙarya ce, ko mu ne ba mu iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya mayar miki da alheri, Ya sa iyakar asarar ke nan. Kuɗin adashe ba kuɗin wasa ba ne, na san yadda ake tara shi.

Ki sassauta wa yarinyar nan tukuna. Shawarar da ta ba ki ita ce daidai, kuma lissafinku bai kuskure ba: 270 cikin 312 ya haura kashi 86 cikin ɗari. Inda gizo ke saƙar shi ne, wannan kashi 86 amsar wata tambaya ce daban, ba wadda kike buƙata ba. Ke abin da kike son sani shi ne roba nawa za ta fita a rana, a wane wuri, a kan nawa. Abin da kuka auna kuwa shi ne, cikin mutanen da suka san ki, suke da data a waya ranar, suka kuma ga damar amsawa, nawa ne ke yi miki fatan alheri. Na daɗe a aikin tattara bayanai, tun daga bin gida-gida da takarda a hannu har zuwa zama gaban kwamfuta ina tace abin da yara suka kawo, kuma kusan duk binciken da na ga ya kife, a irin wannan wuri ya kife, ba a wurin tarawa da rabawa ba.

Kin taɓa tsayawa a Dawanau kin ga yadda mai sayen wake ke duba kaya? Buhu ɗari ba ya kwance ɗari. Amma kuma ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, don ya san nan ake zuba mai kyau. Ƙarfen nan mai rami yake ɗauka ya soka a gindi, ya soka a ciki, ya tsallake buhu uku ya soki na huɗu, ya sa a jawo masa ɗaya daga can ƙarƙashin tari, wanda mai kaya bai yi zaton za a taɓa ba. Abin da ya zubo a tafin hannunsa bai cika ludayi ba, amma da shi zai yanke hukunci a kan kayan miliyoyi. Haka mai sarin tumatir a 'Yankaba, ba manyan da aka jera a saman kwando yake tayawa ba. Ilmin ɗibar samfuri ke nan gaba ɗayansa, saura ƙarin bayani ne: kaɗan yana iya tsayawa a madadin mai yawa, muddin ba daga inda ya fi kyau ko ya fi sauƙi aka ɗiba ba.

Ke kuwa a bakin buhu kika ɗiba. Masu ganin abin da kika ɗora a WhatsApp su ne masu lambarki: yayye, ƙanne, ƙawayen Islamiyya, dangin miji, abokan karatun 'yarki. Ki koma ki bi sunayen nan 270 ɗaya bayan ɗaya. Zan yi mamaki idan ba ki tarar da na Kaduna da Abuja da Damagaram ba, har wataƙila da wadda ke Saudiyya. Kunun aya kuwa ba atamfa ba ne da za a ba direba a tasha. Ta Damagaram ta ce e da zuciya ɗaya, ba ƙarya ta yi ba, sai dai ba a kasuwarki take ba.

Akwai kuma waɗanda suka gani suka wuce. A ce, misali, mutum 1,000 suka ga tambayar. To 688 sun yi shiru, kuma shirun da aka yi wa tallar 'yar'uwa ba e ba ne. Wanda ba ya so ba zai fito ya rubuta a'a da sunansa ki gani ba, zamewa zai yi. Ni 42 ɗin nan da suka iya buɗe baki suka ce a'a ma jinjina musu nake yi. In aka lissafa da masu shiru, kashi 86 ya dawo 27, tun ba a cire na nesa ba.

Kada ki ɗauka da kun sami mutum 3,000 ko 30,000 da abin ya gyaru. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest, wadda ta yi suna wajen cankar wanda zai ci zaɓe, ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, aka dawo mata da fiye da miliyan 2. Ta tattara ta ce Alf Landon zai kayar da shugaba mai ci, Franklin Roosevelt, da wajen kashi 57 cikin ɗari. Da aka kaɗa ƙuri'a Roosevelt ya tashi da kusan kashi 61, ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen mutum miliyan 10 ɗin daga littafin lambobin tarho aka kwaso su, da rajistar masu motoci, da jerin masu sayen mujallar. A shekarun da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mai tarho da mota ai mai hali ne, talakawan da suka yi wa Roosevelt ruwan ƙuri'u da yawansu ba sa cikin littafin. Ga shi kuma masu jin haushinsa sun fi zafin nama wajen cike takardar su mayar. A wannan shekarar wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, George Gallup, mutum wajen 50,000 kawai ya tambaya, amma ya yi ƙoƙarin ɗibowa daga kowane rukuni na jama'a, ya kuma faɗi wanda zai ci. Kafin 1938 ta ƙare mujallar ta mutu. Ciwon da ya kashe ta shi ya tsamar miki da kunu.

Maganar yawa, tunda ita kowa ke fara tambaya, gajeruwa ce. Idan da ƙuri'a aka fitar da mutane, yadda kowa cikin waɗanda ake nufi zai iya faɗowa, amsar mutum 100 tana iya kauce wa gaskiya da maki 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, ta mutum 400 da maki 5, ta mutum 1,000 da wajen maki 3. Sai an ninka mutane sau huɗu kuskure ke raguwa da rabi, shi ya sa masu abin ba sa haukar tara jama'a. Mutum 312 ɗinki, da an ɗebo su yadda ya kamata, kaucewarsu ba za ta kai maki 6 ba, ya ishi mai kunun aya har ya yi yawa. Amma wannan lissafi ba ya miƙar da karkataccen ɗiba. Ko mudu goma kika cika daga bakin buhu, ba za ki ga tsakuwar da ke gindi ba.

Dubi yadda masu abin ke shan wahala a kan wannan. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018, irin wanda ake ciro alƙaluman haihuwa da mutuwar yara da rigakafi daga cikinsa, gidaje 42,000 aka tsara shiga a duk faɗin Nijeriya. An zaɓi ƙananan yankuna 1,400, a kowanne aka fara bi aka rubuta gidajen da ke ciki kaf, sannan aka fitar da 30. Ma'aikaci ba shi da ikon cewa gidan nan akwai kare, ko akwai nisa, bari in shiga na maƙwabci. In bai tarar da kowa ba sai dai ya sake dawowa.

Yanzu ita tambayar kanta. Sake karanta ta: "mai tsafta da garɗi". Wa zai ce ba ya son abu mai tsafta da garɗi? Kun sa wa mutane amsa a baki. Ga shi ke kika yi tambayar, da sunanki a kai. Mu muna da kara, kuma kara abu ne mai kyau a zaman tare, amma tana lalata bincike. Ƙawarki ta ce "in sha Allahu za mu saya", kin san ma'anarsa, don ke ma kin sha faɗa. Duk wanda ya taɓa zaman shago ya san "bari in zaga in dawo", ya kuma san ba a ajiye wa mai wannan magana kaya.

"Za ki saya?" tambaya ce a kan gobe, gobe kuwa kowa attajiri ne. Tambaya mai amfani baya take komawa. Makon jiya sau nawa kika sayi abin sha mai sanyi? Wanne? A ina? Nawa kika biya? Ke kika biya ko maigida? Mutum yana iya yi miki kara a kan niyyarsa, amma da wuya ya ƙirƙiro zoɓon da bai sha ba. Idan mace ta ce miki ita na ƙullin leda take saya wa yara a maƙwabta, kin sami amsarki game da robar 500 ba tare da kin sa ta jin nauyi ba.

Ko Coca-Cola, da kuɗinsa da ƙwararrunsa, ramin tambaya ya taɓa rufta da shi. Da ya ga Pepsi na cin kasuwarsa sai ya haɗa sabon lemo mai ƙarin zaƙi, ya ba mutane kusan 200,000 suka ɗanɗana, akasari suka fifita sabon. Ranar 23 ga Afrilu 1985 ya sanar da sauya lemon da aka shekara 99 ana sha. Jama'a suka yi masa ca, bayan kwana 79 ya dawo da tsohon. An auna daɗin kurɓi ɗaya a baki, ba a auna yadda mutane za su ji in an ɗauke musu abin da suka saba da shi ba.

Bari in ba ki wanda ya faru a gabana. Shekarun baya wani kamfani ya ba mu aikin gano irin sabulun wankin da gidaje ke amfani da shi a wasu unguwannin cikin gari. Aka turo mana samari su yi tambayoyin. Ran nan na bi ɗaya in ga yadda yake aiki. Muka yi sallama a ƙofar wani gida, yaro ya leƙo ya koma, can sai ga maigida. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, har da ruwa a kwanon sha. Yaron nawa ya buɗe takarda: "Baba, da wane sabulu ake wanki a gidan nan?" Dattijon ya ɗan yi jim, ya ambaci wanda aka fi tallarsa a rediyo. "Sinƙi nawa a wata?" Ya dubi rufin zaure ya ce, "To, sa biyu." Ana cikin haka sai ga wata yarinya ta dawo daga aike da garin sabulu na awo ƙulle a leda, ta raɓa ta gefenmu ta shige ciki. Ni kaɗai na lura. Maigida kuɗin cefane yake bayarwa, abin da ake saya da su sai uwargida, ita kuwa tana can inda baƙo namiji ba ya shiga. Sai da muka zubar da aikin mako guda, muka nemo mata suka sake shi daga farko, kuma amsoshin tsakar gida ba su yi kama da na zaure ba. A irin wannan yawo na kuma koyi cewa da mutane sun ga baƙo da takarda, ɗayan biyu suke zato. Ko rajistar tallafi ce, nan take kowa ya zama ko akuya ba shi da ita, ko kuma haraji, mai shago ya rantse rabonsa da ciniki tun sallar bara.

To yanzu me za ki yi? Ki ajiye tambaya, ki koma ƙirga kuɗi, don ba a cinikin biri a sama. Ki yi roba 20, abin da ko ya lalace duka ba zai hana ki barci ba. Ki kai wuri biyu mabambanta, a ce shagon da ke kusa da makaranta da wani kusa da asibiti ko tasha, inda ba wanda ya san wadda ta yi. Ki roƙi mai shago abu ɗaya: ya riƙe miki lokacin da ta ƙarshe ta fita, ko nawa suka rage da magariba. Su kuma masu cewa e a waya, ki buɗe musu oda, mai so ya turo kuɗi yau a kai masa gobe. Mutum 12 da suka turo kuɗi sun fi miki 270 da suka latsa waya.

Farashi ma gwada shi ake yi. Makon farko shago ɗaya 400, ɗayan 500. Mako na biyu ki musanya. Musanyar nan ita ce gishirin gwajin, in ba ki yi ta ba ba za ki san farashi ne ya kawo bambancin ko wurin ba. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. In kika rage kuɗi, kika sake roba, kika ƙara dabino duk a mako ɗaya, ciniki ya tashi, wanne za ki gode wa? Sannan kada yawan fita ya ruɗe ki. A ce kowace roba tana cin 300 kafin ta isa shago. A 400 an sayi 30, ribarki 3,000. A 500 an sayi 20, ribarki 4,000, ga ragin wahalar markaɗe da tata. Cikin 300 ɗin nan kuwa ki tabbata kin sa komai: aya, dabino, kwakwa, sukari, roba, niƙa, ƙanƙara, kuɗin ɗan sahu, ladan mai shago, da kason waɗanda ke yin tsami. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, shi ne kuma ke cin uwar kuɗi a ɓoye.

Babban kayan aikinki ba intanet ba ne, littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta. Kowace rana layi ɗaya: kwanan wata na Bature da na Musulunci, roba nawa aka yi, nawa aka sayar, a ina, nawa suka dawo, nawa bashi, nawa aka sha a gida ko aka yi kyauta, an sami wuta ko babu, rana ta take ko hadari. Minti biyar ne bayan isha'i. In 'yarki na so ta zuba shi a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, daga baya, madalla, amma littafin ne asali. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai ido yana da son kai, ranar da aka yi cinikin mamaki yake riƙewa, ya manta da Talata shida da aka wuni ana korar ƙuda.

Da dalili na ce ki rubuta kwanan wata iri biyu. Kasuwar abin sha a Kano kalanda biyu take bi. Zafin Maris zuwa Mayu da sanyin Disamba da Janairu suna bin watannin Bature. Azumi da salla suna bin wata, shekarar Musulunci kuwa tana gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 12. An ɗauki azumi ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, ranar 1 ga Maris a 2025. Mai shagon da ya kwatanta cinikin Maris na 2023 da na Maris na 2025, ya haɗa watan da kwana 9 ne kawai na azumi da watan da kusan dukansa azumi ne, ba a ma zancen ƙarancin takardun naira da ya dabaibaye kasuwanni a farkon 2023. Zai ga bambanci, ya jingina shi ga sabon allon tallar da ya kafa ko yaron shagon da ya sauya. Irin wannan jingina na fi gani wurin masu sayar da kaya ta waya. An biya wata mai tarin mabiya ta yi talla ana saura kwana 10 salla, ciniki ya tashi, an ce ita ce. Wataƙila ita ce. Amma ana saura kwana 10 salla, ko ba talla takalmi da mayafi fita suke yi. Maganinsa ki tambayi duk sabon mai saye a ina ya ji labarinki, ki rubuta.

Idan kin zo fitar da matsakaici ki yi hattara. Mutum tara sun yi sayayyar 1,000 kowanne, wani Alhaji mai walima ya yi ta 41,000. A tara a raba goma, kowa ya tashi da 5,000, alhali ba ko mutum ɗaya da ya kashe 5,000. Ki jera su daga ƙarami zuwa babba ki dubi na tsakiya, shi ne kwastomanki na kullum. Alhaji kuwa a ba shi shafinsa daban.

Ki kuma riƙa auna sana'ar da roba da mudun aya, ba da naira kaɗai ba. A ce bara cinikin 200,000 kike yi a wata, bana 240,000. Ƙarin kashi 20, abin a yi guɗa. Amma in kayan haɗi sun tashi da kashi 30, sai kin yi 260,000 kafin ki tsaya inda kike bara. Mutane da yawa sun cinye jarinsu suna murna.

Su ma alƙaluman gwamnati sai an tambayi da wane mudu aka auna. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024, a Janairu 2025 ta ce 24.48. Ba kaya ne suka sauko cikin wata guda ba, an sabunta jerin kayan da ake bin farashinsu ne da shekarar da ake kwatantawa da ita. Haka rashin aikin yi, kashi 33.3 a ƙarshen 2020, kashi 4.1 a farkon 2023. A tsohon ma'auni wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba marar aiki ne. A sabon, wanda ya bi tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa ɗaya ta neman kuɗi a mako ta isa a sa mutum cikin masu aiki. Jama'a sun yi ta cewa ƙarya ce. Ni ban kira ta ƙarya ba, tiya aka sauya, wanda kuma ya jera lambobin biyu kamar da tiya ɗaya aka auna su, shi ya yaudari kansa.

Akwai wani lissafi da na san wani zai zo miki da shi, ina roƙonki ki guje shi: "Kano mutum miliyan kaza ne, ko kashi ɗaya cikin ɗari suka saya ai kin yi kuɗi." Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, duk adadin da kike ji yau hasashe ne aka ɗora a kan waccan. Ko da daidai ne ma, me ya haɗa ki da miliyoyi? Kasuwarki iyakarta inda kunu zai kai da sanyinsa kafin ya juya. Gara ki sa yaro ya zauna a ƙofar shagon da kike son kai wa kaya, daga azahar zuwa la'asar, kwana uku, da biro da takarda, ya ƙirga mutum nawa suka buɗe firiji da abin da kowa ya ɗauka.

Sai 46 ɗin nan da kike gani kamar abin kunya. Su kaɗai ne alƙaluman gaskiya da kika samu a duk wannan al'amari, kin kuma saye su da tsada, kada ki zubar da su tare da kunun. Tun ba ku manta ba, ku zauna da 'yarki yau ku rubuta su wa suka saya, roba nawa-nawa, 'yan'uwa nawa, bare nawa, a wace unguwa, da wane lokaci. Ku ware waɗanda suka saya don kara. Cikin saura, duk wanda ya sayi ɗaya ya aiko yaro washegari a ƙaro masa, ku kira shi ku ji me ya saba sha kafin naki. Wanda ya saya sau ɗaya bai dawo ba shi ma a neme shi, amma ba ke za ki kira ba, ki sa wadda bai sani ba, don ya sami bakin cewa sukari ya yi yawa. In kin yi mako biyu kina roba 20 ɗin, ki turo mini hoton shafin littafin mu duba tare, kada ki manta da ranakun da aka ɗauke wuta.